Igiya Marar Nauyi

Kafanchan,
ƙarshen damina.

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kin isa Zariya lafiya, kin sami ɗaki da gado da abokan zama na kirki. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Ina roƙon Allah ya tsare ki a ɗaki da aji da kan titi, ya raba ki da ciwo da miyagun abokai, ya buɗe miki kai. Mu nan muna lafiya. Gwaggonki Asabe tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kin ga inda ake sayar da acca a can, domin ita ta riga ta yanke cewa mutanen Zariya ba su san abinci ba.

Ki yi haƙuri da rubutun nan. Na fito da tebur bakin ƙofa inda rana take, na ɗora rula a ƙarƙashin kowane layi ina bi, duk da haka na san wasu kalmomin sun hau kan 'yan'uwansu. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan aiki, da na mayar masa ya sake. Na ƙi ba kowa ya rubuta mini, domin maganar tsakanina da ke ce, kuma ban san ko zan sake iya cika takarda da hannuna haka ba.

Ba labarin gari zan ba ki ba. A tasha, da jirgi ya yi kuka, kin leƙo ta taga kin ce, "Baba, idan na zo Kirsimeti na ga ba ka iyawa, ba zan koma ba." Ban amsa miki ba. Ba don ban ji ba ne, kunnena ƙalau yake, shi ne ma ya rage mini. Da jirgin ya fara tafiya kuma na ɗaga hannu ina yi wa wani tarago daban, sai da Gwaggonki ta kama kafaɗata ta juya ni, ta ce, "Ba can ba, Dauda, yarinya yana nan gefe." Na san kin gani. Na kuma san abin da kika gani ya ƙara wa maganarki ƙarfi, shi ya sa tun ranar ban sami sukuni ba. Amsata tana zuwa, amma kin san halina, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsa tsirara ba, sai ya nuna aikinsa layi layi. Ni ma zan nuna miki nawa, har da wuraren da na kauce.

Na farko tun ina saurayi ne, a kwalejin horon malamai. Ina da saurin lissafi a lokacin, ina kuma da girman kai daidai da saurin. A jarrabawar ƙarshe aka kawo tambayar jirage biyu, ɗaya ya taso daga wannan tasha, ɗaya daga waccan, suna fuskantar juna. Ni da na girma a Madakiya ina jiyo kukan jirgi daga Kafanchan, na ce wannan ai tawa ce. Ban ƙarasa karanta ta ba na hau aiki. Na fitar da lokacin da za su haɗu, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ajiye biro da ƙara don na kusa da ni su san na gama. Ashe ba lokaci aka tambaya ba, nisan wurin haɗuwar daga tasha ta biyu ake nema. Aikina duk daidai ne, amma na wata tambaya ce da ba wanda ya yi mini. Malaminmu ya rubuta a gefe da jan biro cewa amsa ce mai kyau, saura in nemo wanda ya tambaye ta. Na ci jarrabawar, amma na farkon da na riga na gaya wa duk Madakiya zan zo, wani ne ya zo.

Saboda haka ki karanta tambaya sau biyu kafin ki taɓa biro, ki ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema. Ki zana hoton abin ko da zai yi muni, jirgi ne, gangare ne, dutse ne, ki sa kibiya tana nuna inda kowane ƙarfi yake ja. Abin da aka ba ki ki jera shi a hagu, abin da ake nema a dama. Kin gaji saurina, na sani, na kuma ji kin fara ajiye biro da ƙara. Ki rage. Ki lura kuma, ba a kai ki Zariya don ki amsa tambayar wa zai kula da Baba ba. Wannan ba ta cikin takardarki.

Na biyu wataƙila kin fi ni tunawa. Kina aji biyu na sakandare, mamanki tana da rai. Muna gindin mangwaron tsakar gida da yamma, tana tankaɗe, ni ina duba miki aikin gida. Tambayar ta ce an rataye dutse da igiya marar nauyi, a nemo ƙarfin da igiyar take riƙe shi da shi. Kika ajiye fensir kika ce, "Baba, babu igiya marar nauyi." Na ce haka littafi ya ce. Kika ce, "To littafi bai taɓa jan ruwa ba. Igiyar guganmu in ta jiƙe, zo ka ɗaga ka ji." Na gaji a ranar, na daka miki tsawa, na ce ki rubuta abin da aka ce ki bar surutu. Kika rubuta, hawaye na ɗiga a kan takardar, amsar kuma daidai. Mamanki ko ɗagowa daga rariya ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ka amsa wa yarinya mana. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ai ba zunubi ba ne." Na tashi na shige ɗaki.

Na san amsar, Hannatu. Ban dai saba ɗalibi ya tsayar da ni ba ne, balle a gidana. Na ce a raina gobe zan yi miki bayani. Gobe ta zo da nata aiki, sai ciwon mamanki ya taso, sai zaman asibiti, sai muka kai ta Madakiya muka dawo mu biyu. Ba ki sake tambaya ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne daga ranar kin daina tsayar da ni a kan littafi, duk abin da na ce sai ki rubuta.

A can za ki haɗu da malaman da suka fi ni ilimi, wasunsu kuma sun fi ni zafin rai. 'Yan mata kaɗan ne a ajin fiziks, za a so ki zauna a baya ki kama bakinki. Ki ɗaga hannu. Ki yi tambaya da ladabi, in an yi miki tsawa ki bari a huce ki sake yi. Amsar igiyar na ajiye miki ita a ƙarshen takardar nan. Kada ki tsallaka ki leƙa, kin san ra'ayina game da masu fara duba bayan littafi.

Na uku a shekarun da gwamnati ta juya mana komai ne. Motoci suka koma hannun dama, fam da sule suka zama naira da kwabo, ƙafa da yadi suka ba mita wuri. Aka kawo mana sababbin littattafai masu ƙananan haruffa. Ni kuwa na riga na fara ganin allo kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Na ce laifin alli ne. Na ce laifin fitila ne. Na ce waɗanda suka buga littafin rowar tawada suke yi. Na daina buɗe sabon littafin, na koma koyarwa da abin da ke kaina. A kaina kuwa, saurin da abu yake ƙarawa in yana faɗowa talatin da biyu ne, domin haka na haddace shi a zamanin ƙafa. A mita bai ma cika goma ba.

Ran nan, kina cikin ajin, na ba ku tambayar dutsen da aka saki a bakin rijiya, a nemo zurfinta daga lokacin da ya ɗauka kafin ya taɓa ruwa. Na yi aikin a allo da talatin da biyu, na rubuta mita a ƙarshe, na ja layina biyu. Can wata yarinya 'yar Manchok ta ce a hankali, "Sa, wannan rijiya ko an haɗa igiyan dukan unguwa ba zai kai ruwa ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, ban san abin da ake yi wa dariyar ba. Ke ba ki yi ba. Sai a hanyar gida, daidai inda muke tsallaka layin dogo, kika ce, "Baba, talatin da biyu na ƙafa ne." Muka ɗan yi tafiya, kika ƙara da cewa, "Ba ka ganin littafin, ko?" Kunya ta kama ni ranar, amma na ji sauƙi kuma, domin na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai.

Kowace lamba ki rubuta mata sunanta a gefe, mita ce, sakan ne, kilo ne, tun daga layin farko har na ƙarshe. In kin sami amsa kada ki yi saurin jan layi. Ki ja baya ki dube ta da idon wadda ta taɓa jan ruwa da ɗaukar itace. Rijiyar ta yi kama da rijiya? Mutumin da kika auna tsawonsa zai shiga ƙofa? In ba ta yi ba, ki koma sama ki bi layi layi har ki kama inda kika kauce, kada ki ce laifin alli ne. Da na yi haka da idona, da na je asibitin ido a Kano da wuri. Kina wurin lokacin da likitan ya ce jijiyar ce take mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da an zo tun farko da an riƙe saura. In jikinki ya nuna miki wani abu, ki je a duba ki a makon.

Na huɗu shi ne babba, shi ne kuma ya kai mu ga maganar tasha. Daga ranar layin dogo kika zama idona, ni kuma na bari. Kowace yamma kina karanta mini tambayoyin gobe a gindin mangwaro ina haddacewa, da safe in shiga aji in rubuta su a allo da manyan haruffa, littafi a buɗe a hannuna kamar daga ciki nake kwafa. Ke kike karanta mini aikin 'yan aji ɗaya da biyu, in ce daidai ko kuskure, ki sa alama da jan birona. Har kin iya lanƙwasa wutsiyar alamar yadda nake yi. Kin bar ƙungiyar mawaƙa ta coci saboda lokacin koyon waƙa ya ci karo da namu. Matan zumunta suka tambaye ni ina muryar Hannatu, na ce karatu ne ya yi miki yawa. Ranar da ƙawayenki suka tafi kallon ruwan da ke zubowa daga kan dutse a Matsirga, kina gida kina karanta mini tambayoyin kusurwa, kika ce dama ba ki so zuwa. Na san ba gaskiya ba ne, na yi kamar na yarda.

Na riƙa gaya wa kaina cewa koyar da ke nake yi, ga shi kuwa kin fi kowa a aji. Gaskiya ne kin koya. Amma ba dominki na yi ba, domin kaina na yi. Tsoro nake ji. Malam ake kirana tun kafin a haife ki, ko mamanki haka take kirana har ta koma, ban san wane ne ni ba in babu alli a hannuna. Na ɗauki tsoron nan na ɗora wa yarinyar da ba ta gama kukan uwarta ba, har ta kai yau tana ganin in ta juya baya babanta zai faɗi. Ba ke kika ƙirƙiro wannan tunani ba. Ni na koya miki shi, kowace yamma, kin kuwa san na iya koyarwa. Ina baƙin cikin wannan ƙwarai, 'yata.

In abu ya fi ƙarfinki a can, ki faɗa da wuri, ga wanda ya kamata ya ji. Za a ba ki tambayoyin da za ki juya su ta kowane gefe ba ki ga kansu ba. Ba abin kunya ba ne. Ki je wurin malami da takardar da kika ɓata, ki nuna masa inda kika tsaya, zai fi ganin girmanki a kan wadda ta kwafo amsa mai tsabta. Za a kuma gane kin iya, masu son ki yi musu aiki za su cika bakin gadonki da daɗin baki. Ki nuna musu hanya, ki mayar wa kowa bironsa. Kin yi wa mutum ɗaya aikinsa ya isa.

Yanzu ga abin da na yi. Litinin ɗin da ta biyo bayan tafiyarki na shiga ofishin shugaban makaranta na gaya masa komai. Da na gama ya ce, "Malam Dauda, mun sani tuntuni. Jira muke ka faɗa da bakinka." Kin ji fa. Duk wahalar da na ba ki don in ɓoye, ashe har mai buga ƙararrawa ya sani. An shirya zan ƙarasa wannan zango, wani sabon malami yana tsayawa kusa da ni yana rubutu a allo ni ina bayani, daga nan in ajiye alli. Na yi kuka a hanyar gida, ba zan ɓoye miki ba. Amma na tsallaka layin dogo ni kaɗai, da kunne, na kuma isa lafiya.

Gwaggonki za ta tare a nan da zarar an gama yankan acca, ɗanta zai riƙe gonar. Tun yanzu ta canza wa komai wuri a kicin, ta kuma kafa mini doka kada in kusanci bakin rijiya. Da na ce kada ta wahalar da kanta sai ta ce, "Ni ne na goye ka, Dauda. Lokacin ma ba ka san hanya ba, ni ne idonka. Bar yarinya ya yi karatunsa." Shugaba ya ce 'yan aji biyar za su riƙa zuwa baranda da yamma, su karanta mini tambaya in bi da su da baki. Wannan karon a fili za a yi, kowa da lokacinsa, kowa ya koma gidansu. Lissafin yana nan a kaina, bai bi idon ba.

Ban ce miki da daɗi ba. Gwaggonki gishirinta ya yi yawa, hirarta kuma ba ta wuce wanda ya mutu da wanda ya kusa. Yamma tana yi mini tsawo. Nakan kai hannu kujerarki a gindin mangwaro in ji babu kowa, wani lokaci har in ce "karanta ta gaba" kafin in tuna. Ina kewarki sosai, kuma ba na tsammanin zai ragu.

To ga amsar igiya, wadda na riƙe miki tun mamanki tana tankaɗe. Kin yi gaskiya, babu igiya marar nauyi. Wanda ya rubuta littafin ma ya sani. Ba ƙarya yake yi ba. Ya san in ka ɗebo komai lokaci guda, nauyin dutse da na igiya da jiƙewarta da iskar da ke kaɗa ta, ko layin farko ba za ka iya ba. Sai ya ce a ajiye igiyar a gefe tukuna, a warware na dutsen, a ga kan abin. Bayan an gama, wanda ya yi nisa a karatu yakan dawo ya ɗauko nauyin igiyar ya ƙara, ya gyara amsar. Wannan lissafi na biyu ana koyar da shi, amma ba a ajina ba. A irin wurin da kike yanzu ake koyar da shi, da gaba da nan. Ni ban kai can ba.

Ba zan ce miki ba ni da nauyi ba. Kin daɗe kina ja na, kin fi kowa sanin nauyina, in na ce babu sai ki sake ajiye fensir. Abin da nake roƙo shi ne ki ajiye ni a gefe tukuna. Ki warware naki babu ni a ciki, har ƙarshe, ki ja layinki biyu. Sa'an nan ki dawo ki ƙara ni, in Allah ya bar ni. In kika dawo yanzu, mu biyu za mu zauna a gindin mangwaro, makaho da 'yar da ya hana karatu, kina karanta mini tambayoyin 'ya'yan wasu, ni ina jin muryarki ina sanin abin da na cinye. Duhun nan zan iya ɗaukarsa, Hannatu. Wancan ba zan iya ba.

Ki zo Kirsimeti, ina son ki zo. Za ki ga abin da ba zai yi miki daɗi ba, tuntuɓe a bakin ƙofa, riga a baibai, shayi a zube a tebur. Ki gani, ki yi kukanki, ki ci shinkafar Gwaggo da gishirinta, ki koma. Akwatin ƙarfen mamanki da kika tafi da shi, ki bar shi a Zariya a ƙarƙashin gado, da littattafanki a ciki. Zan zo tasha. Ba zan gane taragon da kike ciki ba, ke za ki nemo ni. Amma da kin sauko zan miƙa hannu in karɓi kayanki kamar yadda na saba. Ina roƙonki, bari hannuna ya taɓa ƙaramar jaka.

Rana ta bar bakin ƙofa, ba na ganin rular kuma. Ki riƙa zuwa sujada, ki nemi mawaƙa ki koma cikinsu. Allah ya kwana da ke ya tashi da ke, ya tsare ƙafarki a hanya, ya kiyaye miki idanunki, ya kawo ki lafiya ya kuma mayar da ke lafiya. Alherin Ubangiji ya zauna tare da ke. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Dauda.